Kafin ka sayi babban madubi

Ɗana, na ga saƙonka da hotunan nan biyu. Ka ce daren Asabar ka hau soro da madubin hangen nesa na shago, ka yi ta laluben Andromeda, gagarumin tarin taurarin nan mai nisa, har ka same ta, amma abin da idonka ya gani bai wuce wani toka-toka ba, kamar an shafa yatsa a gilashi. Da ka ɗaura kamara ka bar idonta buɗe sakan 30, sai taurari suka fito zara-zara kamar an karya taliya. Sannan ka ce: "Maigida, ko in tara kuɗi in sayi wanda ya fi wannan girma?"

Kada ka saya. Madubin bai yi maka laifi ba.

Toka-tokan nan da ka raina, ita ce. Haka kowa ke ganinta. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya rubuta labarinta tun 964, kuma ɗan ƙaramin gajimare ya kira ta, don iyakar abin da ido ke bayarwa ke nan. Hasken da ya shiga idonka daren nan ya yi shekara miliyan 2.5 yana tafiya, ka ga kuwa dole ya iso a gajiye. Ido kuma cikin duhu ba ya rarrabe launi. Ka fita tsakar gida da dare ka dubi shanya, jan zane da shuɗi duk ɗaya suke. Ƙari a kan haka, ido ba ya ajiya, abin da ya gani yanzu ya wuce. Kamara ita ce ke tarawa, kamar randa a ƙarƙashin indararo. Sana'ar nan gaba ɗayanta tarin haske ce.

Zara-zaran kuwa juyin ƙasa ne. Sama na tafiya digiri 15 a kowace awa, wato cikin minti biyu tauraron da ke tsakiyar sama ya matsa kwatankwacin faɗin wata. Madubin shago mai milimita 900 ne, a kan ƙafa uku marar inji, bai yarda ka wuce rabin sakan ba. Kai ka ba shi 30. Da babba ka saya, da zanen ya fi haka tsawo. Akwai lissafin da muke yi da ka: raba 500 da tsawon gilashinka a milimita, abin da ya fito shi ne sakan ɗin da za ka iya bari kafin tauraro ya ja wutsiya. Kamararmu ƙaramin faranti gare ta, wato inda haske ke sauka a cikinta, saboda haka ka ƙara ragewa.

Ga wani abin da ba ka lura ba. Faɗin Andromeda a sama ya kai kusan digiri 3, wata shida a jere. Ba ta shiga cikin madubin nan ma, cibiyarta kaɗai ka kama. Gilashin nan mai milimita 135 da muke ɗaukar amare da shi, shi ne daidai ita. Da shi nake so ka fara.

Ka kafa ƙafa uku a ƙasa mai tauri, ba a soro ba, don takun mutum ɗaya yana girgiza shi. Ka sa kamara a RAW (ɗanyen hoto da ba ta gyara ba), ISO (ƙarfin jin haskenta) 1600, ka buɗe gilashi sosai sannan ka rufe shi taki ɗaya, sakan 2 kowane hoto. Kada ka taɓa maɓalli da hannu, igiyar latsawa tana cikin jaka. Ka ɗauki 300, kana ɗan juya kamara bayan kowane 30 ko 40 don ta dawo tsakiya. Minti goma na haske ke nan. Kowane hoto shi kaɗai ba zai ba ka sha'awa ba, baƙi ne mai tsaki-tsaki. Sai ka zuba su a kwamfuta, cikin manhajar Siril ko DeepSkyStacker, dukansu kyauta ne, su jera taurari kan taurari su haɗa. Tsakin nan a kowane hoto wuri dabam yake faɗawa, haske kuwa wuri ɗaya yake zama, shi ya sa in an tara ɗaya ke lafawa ɗaya ke tasowa. Da yayyafi kogi kan cika. Amma ka san farashinsa: in kana son tsabtar hoton ta ninka, sai ka ninka yawan hotunan sau huɗu.

Kafin ka naɗe kaya, ka rufe bakin gilashi ka ɗauki 30 cikin duhu da saiti iri ɗaya, don kwamfuta ta gane ɗigon da zafin kamara ke haifarwa ta cire shi. Mu nan Tawa wannan ba abin tsallakewa ba ne. A watan Afrilu da Mayu kamara kan yi zafi har hoton ya cika da ja da kore. Da asuba kuma, ka ɗaure farar riga a bakin gilashi ka nufi sama ka ɗauki 20, ba tare da ka taɓa saitin kaifi ba. Waɗannan su ke share tabon ƙura da duhun gefe.

Kaifin nan shi ne inda na fi jin tsoron ka. Kamara ba ta iya saita kanta a kan tauraro. Ka mayar da ita hannu, ka nemi tauraro mai haske, ka zuƙo shi sau goma a allo, ka murza a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan ka manna salatif. Bayan awa ɗaya ka sake dubawa, don sanyin dare yana motsa ƙarfe da gilashi. Na taɓa yin awa biyu a gona ban duba ba, na dawo da hoto 400 kowane tauraro ya kumbura, babu ko ɗaya da na ɗauka. Abin ya yi mini ciwo, don daren nan sama ta yi kyau irin wanda ba a samu kullum.

Zancen lokaci, kalandar Musulunci ta ishe ka. Daga 25 ga wata zuwa 3 ko 4 ga mai kamawa, dare namu ne. Sauran kwanakin farin wata yana wanke komai. A shekara kuwa babu kamar kaka, Oktoba da Nuwamba: ruwa ya wanke sama, hazo bai sauko ba, Andromeda tana can sama ta wajen arewa bayan isha'i. In hunturu ya kawo ƙura, ko da ka ga taurari a bisa kanka, hoton zai fito ja-ja ba armashi, kuma kada ka kuskura ka cire gilashi a fili.

In ka iya wannan, sai mu koma ga M42, gajimaren iska da ƙura da ke ƙarƙashin taurari ukun nan da ke jere, waɗanda ke biyo Kaza da 'ya'yanta. Nisansa kusan tafiyar haske ta shekara 1,350, kuma a cikinsa ake haihuwar sababbin taurari. Jan da kake gani a hotunansa iskar haidurojin ce ke fitar da shi. Henry Draper ne ya fara ɗaukarsa a Amurka a 1880, ya bar farantinsa buɗe minti 51. Kai da kamarar shago za ka fi shi cikin sakan kaɗan. Tsakiyarsa tana saurin ƙonewa ta yi fari fat, saboda haka za mu haɗa gajerun hotuna da dogaye.

Kuɗin da kake tarawa, ka ajiye su don mazauni mai inji, wanda ke juya kamara daidai da tafiyar sama. Ana daidaita shi da tauraron arewa, wanda a nan Tawa yake kusan digiri 15 daga ƙasa, dunƙulen hannu ɗaya da rabi in ka miƙe hannunka. Da shi sakan 2 ɗinka zai koma minti ɗaya ko biyu, a nan ne za ka ga layukan ƙura masu duhu a jikin Andromeda da ƙananan 'yan rakiyarta biyu, M32 da M110.

Alhamis mai zuwa 27 ga wata ce. Za mu fita gonar ƙanena bayan gari, inda fitilun kasuwa ba sa kai wa. Na riga na gaida mai gari na gaya masa, don mutum biyu da dogon ƙarfe a daji da tsakar dare abin tambaya ne. Ka caja batir duka uku, ka share katin ajiya, ka ɗaure jar leda a bakin tocila don kada ta kashe mana ido. Ka sa takalmi rufaffe saboda kunama, ka zo da rigar sanyi. Mu haɗu a shago bayan magariba.