Sabar asibitinmu tana daskarewa tsakanin azahar da la'asar, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Birnin Kebbi. Muna da saba guda ɗaya mai Windows Server 2019, ram ɗinta giga 32. A kan Hyper-V, manhajar da ke raba saba ɗaya ta zama kamar kwamfutoci da yawa, muna da injuna uku: na Ubuntu mai MySQL, manhajar rumbun bayanai, inda katunan marasa lafiya suke, da na ofishin kuɗi, da na ajiyar takardu. Wata biyu ke nan na Ubuntu ɗin yana daskarewa, galibi tsakanin azahar da la'asar, mutane na layi ba a iya ciro kati. Sai in danne maɓallin sabar har ta mutu in sake kunnawa. Wanda ya haɗa mana ya ce bairos ne, kuma in kwantar da hankalina don wata takwas ke nan kowace Juma'a yana ɗaukar cekfoyin, wato hoton halin da injin yake ciki a lokacin, babu abin da zai ɓace. Faifan D kuma ya yi ja. Wallahi ba na iya barci. Ku taimaka mini.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kana da gaskiyar da za ka kasa barci, kuma gara da ka yi magana yanzu. Kafin komai, daga yau ka cire hannunka daga maɓallin nan. Duk lokacin da ka danne shi, injuna uku kake yanke wa wuta suna tsaka da rubutu. InnoDB, ɓangaren MySQL da ke ajiye bayanai, yana da haƙuri, yakan gyara kansa in ya tashi, amma ba kullum ake kwana a gado ba.

In abin ya sake faruwa, fara gano wanda ya tsaya: baƙon ne, wato injin Ubuntu, ko mai masaukin, wato Windows ɗin sabar kanta? Je gaban sabar da kanka. Idan Windows ɗin yana amsawa, buɗe Hyper-V Manager ka duba abin da aka rubuta a gaban injin Ubuntu. Idan ka ga Paused-Critical, injin bai lalace ba, Hyper-V ne ya dakatar da shi da gangan saboda ya kasa rubutu a faifai, kuma mafi yawan lokaci wuri ne ya ƙare. Idan Running ka gani amma ba ya motsi, bayan ya dawo ka ba shi umarnin journalctl -b -1 ka karanta ƙarshen zaman da ya gabata. Layin da ke cewa wani aiki ya tsaya fiye da daƙiƙa 120 yana nuna faifai ne ke jan ƙafa. In ka ga Out of memory tare da sunan mysqld, ram ne ya gaza, sai ka cire wa injin Dynamic Memory, tsarin da ke ƙara masa ram yana ragewa, ka yanka masa rabonsa tsayayye. Idan kuwa mai masaukin kansa ne ke mutuwa, Event Viewer, rajistar abubuwan da suka faru a Windows, zai nuna maka lamba 41 ta Kernel-Power da lamba 6008, kuma a nan wuta da zafi za ka fara tuhuma. Ka san Birnin Kebbi a Maris da Afrilu, zafi yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun Disamba, ga batirin inbata da ba ya riƙe sabar kafin a tada janareta.

Maganar bairos kuwa, a bar ta. Ita ce amsar duk wanda bai buɗe rajista ya karanta ba.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne cekfoyin ɗin Juma'a. Ina cin karo da wannan kusan kullum, daga Jega har Gusau, kuma na gaji da jin sa daga bakin mutanen da ake biya kuɗi su kula da dukiyar jama'a. Cekfoyin ba kwafin ajiya ba ne. Ko kusa. Wanda ya gaya maka haka bai san abin da yake dannawa ba.

Ga yadda abin yake. Ranar da aka ɗauki na farko, Hyper-V ya rufe ainihin faifan injin, wato fayil ɗin .vhdx, ya daina rubutu a cikinsa. Ya buɗe sabon fayil mai ƙarshen .avhdx, duk wani canji can yake tafiya. Juma'a ta zagayo, aka rufe wannan aka buɗe wani a kansa. Ka ɗauka ɗan kasuwa ne ya rufe littafin bashinsa, ya koma rubuta wanda ya biya da wanda ya ƙara ci a 'yar takarda, kowane mako sabuwa, yana soke su a ƙusa. In ana son sanin bashin mutum ɗaya, sai an bi takardun nan daga sama har a kai ga littafin. In littafin ya ƙone, takardun ba su da amfani. In takarda ɗaya ta tsakiya ta ɓace, duk na samanta sun tashi a banza. Kuma littafin da ƙusar duk a shago ɗaya suke, wato faifan D ɗin nan naka. Ranar da ya mutu, da injin da cekfoyin ɗinsa tare za su tafi. To ina ajiyar take?

Wata takwas, Juma'a-Juma'a, kana da wajen 35 ke nan a jere, alhali iyakar da Microsoft ta sa wa inji ɗaya 50 ce. Su VMware ma, masu irin wannan manhaja ta Hyper-V, shawararsu ita ce kada a bar irin wannan ya wuce awa 72. An yi cekfoyin ne don ka ɗauka kafin ka sabunta manhaja, in ta yi kyau ka goge a ranar ko washegari. Kowane .avhdx yana iya kumbura har ya kai girman faifan da aka yanka wa injin, ga MySQL ba ya hutawa da rubutu. Shi ya sa faifanka ya yi ja, don Windows ba ya jan layin nan sai wurin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin 100. Lokacin da layi ya fi tsawo a asibiti, lokacin ne faifai ɗaya yake ɗawainiyar injuna uku yana kuma laluben sarƙa mai tsawon nan. Ban ga sabarka ba, amma a nan zan fara nema.

Abubuwa biyu nake roƙonka da girman Allah kada ka yi. Kada ka shiga faifan D ka goge wani .avhdx da hannu don neman wuri. Shekarun baya an kawo mini sabar wani kantin magani da aka yi wa haka. Yaron da ke kula da ita ya ga manyan fayiloli masu dogon suna, ya zaci shara ce, ya goge, ya kwashe kwandon sharar ma. Injin ya ƙi tashi. Muka kwana biyu a kai, abin da muka iya cetowa shi ne ainihin .vhdx ɗin, wanda ya tsaya a ranar da aka ɗauki cekfoyin na farko, wata bakwai baya. Ban manta da mai kantin ba, dattijo, yana zaune a benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana tambayata ko sunayen waɗanda yake bi bashi ma sun tafi. Sun tafi. Na biyu, kada ka danna Apply a kan tsohon cekfoyin da sunan gyara. Zai mayar da asibitinku ranar da aka ɗauke shi, duk katin da aka buɗe bayan nan ya fita daga idonku.

Ga yadda za ka warware shi. Nemi izinin shugaban asibitin a rubuce, a sayo faifan waje wanda ya fi D girma. In an ce sai kwamiti ya zauna, ka nuna musu jan layin nan da idonsu, domin kuɗin faifai ɗaya bai kai darajar katin mai ciwon suga guda ba, kuma amanar marasa lafiya ce a wuyanku duka. Da daddare bayan an tashi, fitar da kwafin bayanan MySQL da umarnin mysqldump ka kai su faifan wajen. Kashe injin Ubuntu daga cikinsa yadda ya kamata, ka yi masa Export gaba ɗaya zuwa can. Sai ka kwashe abin da ba dole ba daga D, kamar tsofaffin fayilolin ISO, don haɗe sarƙar fayilolin nan yana buƙatar wuri. Daga nan, a cikin Hyper-V Manager, danna cekfoyin na farko a jerin ka zaɓi Delete Checkpoint Subtree. Wannan ba ya goge bayananka, yana mayar da canje-canjen cikin ainihin faifan ne. Zai iya cin awoyi, don haka a zuba wa janareta mai isasshe, kada wuta ta yanke yana tsaka da aiki, kuma kada ka taɓa komai sai rubutun Merge in progress ya ɓace.

Bayan nan ka tsara kwafi na gaskiya kowane dare zuwa wani faifai daban, ɗaya kuma ya riƙa kwana a wajen ginin, sannan sau ɗaya a wata ka gwada dawo da shi a wata kwamfuta ka ga ko yana buɗewa. Idan an haɗe sarƙar amma daskarewar ba ta daina ba, duba Event Viewer na mai masaukin ko akwai lamba 129 ko 153, alamar faifan kansa ko abin da ke haɗa shi da sabar yana da matsala. Ka turo mini abin da ka gani a can, da adadin wurin da ya rage a D bayan haɗewar, mu ɗora daga nan. Allah ya ba marasa lafiyarku lafiya.