Stan Lee ne ya ƙirƙiri jaruman Marvel shi kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni dai ta finafinai na san waɗannan jaruman, su Spider-Man da Hulk da Black Panther, kuma kusan kowane fim sai na ga wani tsoho mai tabarau da gashin baki ya leƙo na ɗan lokaci, aka ce min shi ne Stan Lee wanda ya ƙirƙire su duka. To rannan muna musu da wani abokina ya ce wai ba shi ba ne, gumin wasu ya ci. Don Allah mece ce gaskiyar magana? Sannan in mutum yana so ya karanta na asalin, tsofaffin littattafan, ta ina zai fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka yana da gaskiya amma ya ɗan zarce. Stan Lee yana ciki dumu-dumu, babu mai cire shi, sai dai ba shi kaɗai ba ne, kuma in dai maganar siffar jaruman ake da yadda labarin ke tafiya shafi bayan shafi, akwai mutum biyu da ya kamata sunansu ya zauna a bakinka kamar yadda na Stan ya zauna: Jack Kirby da Steve Ditko. Ni in aka taɓo Kirby raina har sosuwa yake, don mutumin nan ya yi aikin da ya kamata a ce ko yaro ya san shi.

Sai ka fara gane yadda ake aikin a Marvel a shekarun 1960 kafin ka gane rigimar. A yawancin kamfanonin komik marubuci ne zai zauna ya rubuta komai, shafi na ɗaya hoto na ɗaya wane ya shigo ya ce kaza, mai zane ya karɓa ya bi. To shi Stan edita ne, shi ne kuma marubucin kusan duk littattafan da kamfanin ke fitarwa a wata, ba shi da lokacin wannan, sai ya zama yana kiran mai zane su yi 'yar hira ko ya ba shi ɗan taƙaitaccen bayani, wani lokacin ma jimla biyu ce, shi kuma mai zanen ya koma gida ya tsara labarin gaba ɗaya da fensir, shafi ashirin ko sama da haka, wa zai shigo wa zai fita, ina faɗa zai ɓarke ina za a yi kuka, ya kawo, sannan Stan ya duba hotunan ya sa musu magana a baki. Kirby har rubutu yake a gefen takarda yana bayanin abin da ke faruwa a kowane hoto, kuma takardun nan da yawa suna nan har yau ana ganin rubutun nasa. To ka gaya min, wanda ya yi wannan aikin zane kawai ya yi? Ai rabin rubutun labarin ya riga ya yi shi. Amma in littafi ya fito sai ka ga an sa Stan Lee marubuci, Jack Kirby mai zane, kuma kuɗin zanen kawai ake biyansa, shafi-shafi.

Misalin da ba ya musuwa shi ne Silver Surfer, don Stan da bakinsa ya sha ba da labarin. A labarin da ya fito a 1966 sun shirya cewa Fantastic Four za su haɗu da Galactus, wani ƙato mai cinye duniyoyi. Da Kirby ya kawo shafukan sai Stan ya ga wani mutum fari sol kamar azurfa yana yawo a sararin samaniya a kan allon hawa igiyar ruwa, wanda sam ba su yi maganarsa ba. Kirby ya ce ai mai ƙarfi irin na Galactus dole ya kasance da yaron da ke yi masa gaba yana nemo masa duniyar da zai ci. Shi ke nan fa, haka aka haifi Silver Surfer. Da aka tashi ba shi littafinsa na kansa a 1968 kuma sai aka miƙa wa John Buscema zanen, ba Kirby ba, abin ya ci masa rai ƙwarai.

Shi Kirby asalin sunansa Jacob Kurtzberg, an haife shi a 1917 a unguwar talakawa ta Lower East Side a New York, ɗan Yahudawan da suka yi hijira daga Ostiriya, ya tashi cikin dambe da yaran layi. Tun Stan yana yaron ofis mai cika wa masu zane tawada Kirby ya riga ya yi suna, don shi da Joe Simon ne suka ƙirƙiri Captain America, fitowar farko ta shiga kasuwa a Disambar 1940 da hoton jarumin yana kai wa Hitler naushi a bango, shekara guda kafin Amurka ta shiga yaƙin. Daga baya shi kansa ya sa kaki ya je Turai ya yi yaƙin, sanyi ya kusa cinye masa ƙafafu. Shi ya sa in ka ga naushi a zanen Kirby za ka ji kamar zai fito daga takardar ya same ka, mutum ne da ya san faɗa da jikinsa. Ben Grimm na Fantastic Four, wancan mai jikin duwatsu, mai saurin fushi mai taushin zuciya da sigarinsa a baki, Kirby ne ya zana kansa.

Ka duba abin da ya fito ta hannunsa tare da Stan cikin 'yan shekaru: Fantastic Four a Nuwambar 1961, Hulk da Thor a 1962, X-Men da Avengers a 1963, Black Panther da ƙasarsa Wakanda a Fantastic Four lamba ta 52 a 1966. Lamba 102 a jere ya zana na Fantastic Four kaɗai. Iron Man kuwa taron dangi aka yi masa, Stan ya kawo shawara, ƙaninsa Larry Lieber ya rubuta, Don Heck ya zana labarin, Kirby ya yi bangon.

Spider-Man ne ba na Kirby ba, duk da shi ya zana bangon fitowar farko, Amazing Fantasy lamba ta 15 ta Agustan 1962. Wannan na Steve Ditko ne. Kayan nan ja da shuɗi mai zanen saƙar gizo, fuska a rufe ruf, manyan fararen idanu, da siririn yaron nan Peter Parker da kullum yake kamar an ɗora masa duniya a ka, duk daga fensirin Ditko suka fito, haka ma Doctor Strange a 1963. Ditko mutum ne mai kafiya a kan abin da yake gani haƙƙinsa ne, sai da ya tsaya kai da fata aka fara rubuta cewa shi ke tsara labarin daga wajen lamba ta 25, ya kai shi da Stan ba sa ko magana, ya kawo shafuka ya ajiye ya tafi. A 1966 bayan lamba ta 38 ya tattara ya bar kamfanin, ya ƙi hira da 'yan jarida kusan duk sauran rayuwarsa, ya rasu a 2018 'yan watanni kafin Stan.

To me Stan ya yi ke nan? Ya yi da yawa, kuma nan ne nake rabuwa da masu cewa ɗan cin banza ne kawai. Muryar da ke cikin littattafan tasa ce. Kafin shi yawancin jarumai magana ɗaya suke kamar an buga su a inji guda, shi ya sa su suna gardama da junansu, suna kishi, suna rasa kuɗin haya, Spider-Man yana tsokanar abokin gaba a tsakiyar faɗa alhali hankalinsa na kan gwaggonsa May da ke kwance ba lafiya. Shi ya mai da shafin wasiƙun masu karatu wajen hira, yaro a ƙauyen Amurka ya ji kamar ya san mutanen ofis ɗin. Kuma a yi masa adalci, ya riƙa sa sunan mai zane da mai bin tawada da mai rubuta haruffa a shafin farko a lokacin da kamfanoni da yawa ba sa yi, shi ya yaɗa laƙabin Sarki da ake wa Kirby. In ka karanta abin da Kirby ya yi shi kaɗai bayan ya koma kamfanin DC a 1970, su New Gods da Darkseid, za ka ga tunani mai girma har ya fi na da, amma maganganun sun fi nauyi, babu wannan zaƙin bakin na Stan. Shi kuma Stan bayan rabuwarsa da mutanen nan biyu, ka nuna min jarumi ɗaya da ya ƙirƙira da ya kai ƙafar waɗancan. Babu. A ganina wannan kaɗai ya isa amsa.

Laifin Stan shi ne da 'yan jarida suka zo suna neman mutum ɗaya da za su ce shi ne gwanin, ya bari aka tafi a haka shekara da shekaru, shi ga iya magana ga fara'a, Kirby kuwa yana can gida a duƙe kan tebur. Shi ma Kirby da fushi ya ci shi, a wata hira da aka buga a 1990 ya ce Stan bai taɓa rubuta komai ba, wannan kam ya wuce gona da iri, amma ka duba abin da ya kai shi nan. A shekarun 1980 sai da aka yi ta ja-in-ja kafin Marvel ta mayar masa da takardun zanensa na asali, kuma kaɗan ne daga cikin dubban da ya yi suka dawo. Ya rasu a Fabrairun 1994, bai ga ko ɗaya daga manyan finafinan nan ba. Disney ta sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan 4, 'ya'yan Kirby suka nemi haƙƙin mallaka, shari'a ta yi ta tafiya har bakin Kotun Ƙoli, sai a Satumbar 2014 aka sasanta a waje. Kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi, sai dai a nan babban gardin kamfani ne, don shi ma Stan ma'aikaci ne, jaruman ba mallakarsa ba ne, shi ma sai da ya kai Marvel ƙara a 2002 kan kuɗin finafinai.

Kuma kar ka ɗauka a Marvel kaɗai aka yi wannan. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu daga Cleveland, su suka ƙirƙiri Superman, amma dala 130 suka sayar da shi a 1938, sai a 1975 bayan abokan sana'a irin su Neal Adams sun yi ta kururuwa aka yanka musu dala 20,000 a shekara kowannensu aka dawo da sunansu, alhali kwafi ɗaya na Action Comics lamba ta 1, inda Superman ya fara fitowa, an yi gwanjonsa dala miliyan 6 a 2024. Bill Finger da ya gina mafi yawan abin da ka sani game da Batman ya mutu a 1974 cikin talauci, sai 2015 aka fara sa sunansa kusa da na Bob Kane, wanda a da shi kaɗai ake rubutawa a matsayin wanda ya ƙirƙiri Batman.

Maganar ta ina za ka fara kuwa, kar ka ce sai ka faro daga lamba ta 1, na farkon akwai ɗanyen aiki a ciki zai iya gundurarka. Ka nemi Fantastic Four lamba ta 48 zuwa 53, duk na 1966. Uku na farko zuwan Galactus ne, biyun ƙarshe Black Panther, amma ta 51 ita ce nake so ka nutsu a kanta. Shafin farko Ben Grimm ne tsaye shi kaɗai cikin ruwan sama, kafaɗu a sake, ba ya cewa komai, kuma ka gama sanin halin da yake ciki. Labarin na wani masanin kimiyya ne mai hassadar Reed Richards, shugaban Fantastic Four, da ya sace siffar Ben don ya shiga gidansu ya hallaka Reed, da ya ga irin mutumin da Reed yake sai zuciyarsa ta juya ya ba da ransa ya cece shi. Bayan nan ka koma Amazing Spider-Man lamba ta 31 zuwa 33. A farkon ta 33 wani ƙaton ƙarfe ya danne Peter a maɓoyar abokin gabansa Doctor Octopus da ke ƙarƙashin ruwa, ruwa na tsiyayowa ta rufi, maganin da zai ceci gwaggonsa ga shi nan a gabansa hannu ba ya kaiwa. Ka lura da abin da Ditko ya yi da girman hotunan, ya fara da ƙanana a matse, yaron na yunƙuri hotunan na ƙara faɗi, har ya zo ya ɗaga ƙarfen a hoto ɗaya da ya cinye shafi sukutum. Wannan tsarin babu marubucin da ya ba shi a takarda.

Na asalin bugun kam sai masu kuɗi, amma an sake buga su a manyan kundaye irin su Marvel Masterworks da Epic Collection, akwai su kuma a manhajar Marvel Unlimited in kana da halin biyan kuɗin wata. In a waya za ka karanta ka daure ka riƙa kallon shafin gaba ɗaya kafin ka zuƙo hoto ɗaya-ɗaya, don su a shafi suke tsara aikin. Turancin Stan na da ɗan yawan ado, in wata kalma ta shige maka duhu ka wuce kawai, hotunan za su kai ka inda za a je.