Ƙanwata, kada ki koma wa nahawu daga tushe

Assalamu alaikum ƙanwata. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na ajiye wayar amma barci ya ƙi zuwa, don kamar ni ce na rubuta ta shekara 13 da suka wuce. Kin ce an ba ki GST 111, kwas ɗin Turanci na 'yan aji ɗaya a jami'a, ɗalibai sun haura 300, kin ba su maƙala mai shafi huɗu su taƙaita, wasu suka kwafo miki sakin layin farko da na ƙarshe, wasu suka kawo abin da waya ta rubuta musu, shi ne kike tambaya ko ki koma ki faro musu nahawu daga tushe. Don Allah kada ki koma. Ni na yi hakan. Zango biyu na cinye ina cika allo da fi'ili da lokutansa, da aka zo rubutu kuwa ko gezau.

Yaran nan sun san dokokin nahawu fiye da yadda kike zato. Da su suka tsallake tambaya 60 ta canki-canka a JAMB, suka kuma rubuta insha'in WAEC mai kalma 450, wanda yawanci wasiƙa ce da aka haddace tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa. Abin da ba a taɓa yi musu ba shi ne a zaunar da su a gaban rubutun da mai shi yake jayayya da wani marubuci, a ce su gano inda ya tsaya da hujjar da ya dogara da ita.

Bari in ba ki labarin abin da ya same ni, don har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. A farkon shekarun aikina, wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a wani sashe ta roƙe ni in duba mata Turancin kundin digirinta. Matar aure ce da goyo, mai natsuwa, ta zauna a ajina tana aji ɗaya kuma ta ci da kyau. Na gyara mata waƙafi da aya, na ga babi na biyu sumul ƙalau, har na yaba mata. Ranar kare kundi na je na zauna can baya don in ƙarfafa mata gwiwa. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya buɗe babi na biyun, ya karanta jimla guda, ya ce ta faɗa masa ma'anarta da duk harshen da ta ga dama, ko da Hausa ne. Ta yi tsit. Ya sake karanta wata. Shiru. Ashe babin nan gaba ɗaya daga maƙalu uku ta ɗinko shi.

Sai shugaban sashen ya waiwayo, ya nuna ni da biro a gaban baƙo da ɗalibai da ƙananan malamai, ya ce ga wadda ta koya mata Turanci can, ita za a tambaya. Aka fashe da dariya. Ƙanwata, mutumin nan shi ne mai duba kundin, sa hannunsa ne a shafin farko. Shi ne kuma wanda a zaman kwamiti, da na roƙa a raba mana ajin gida biyu, ya ce kwas ɗinmu ba na ɓata lokaci ba ne, a yi canki-canka a sallami yara. Handawut ɗin da yake sayar wa ɗalibansa kuwa na taɓa riƙe shi a hannuna, shafi bayan shafi daga littafin wani aka ɗebo, babu sunan mai shi ko sau ɗaya. A wajen wa yarinyar za ta koyi cewa ana faɗin inda aka samo magana? Ban ce uffan ba. Na fito na shiga mota na rufe, na yi kuka mai isata kafin in iya tayar da ita. Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Mun sha haɗuwa a wajen ta'aziyya da ɗaurin aure, ya gaishe ni hankali kwance kamar ba a yi komai ba. Na ce na yafe, kuma ina fata har zuciyata ne, amma zuciya ba ta da ƙashi. Wata biyu na yi ina jin faɗuwar gaba duk ranar da zan bi ta gaban ofishinsa, har takardar neman canjin wurin aiki na rubuta na ajiye a jaka.

Abin da ya fi cin mutuncin nan taɓa ni shi ne maganar yarinyar. Bayan kwana biyu ta same ni a ofis, ido ya kumbura, ta ce: "Malama, wallahi ban san sata ba ce. Na ɗauka in masani ya faɗi magana, rashin ladabi ne ƙaramar ɗaliba irina ta canza masa ita." Na daɗe ina juya wannan magana. Mu da muka taso a makarantar allo da Islamiyya mun san hadda abin alfahari ce, canza lafazi kuma kuskure ne da ake tsayar da kai a gyara maka. Sai yaro ya zo jami'a a ce masa abin da aka yaba masa tun yana ƙarami yanzu sunansa satar fasaha, ba tare da an yi masa bayani ba.

To amma maganin ma a can yake. Yanzu ranar da zan fara maganar madogara, tambaya nake yi: in za ku kawo hadisi, cewa kuke ku kuka faɗa? Sai aji ya amsa a'a, Bukhari ne ya ruwaito daga Abu Huraira. Sai in ce to shi ke nan, sunan marubuci da shekara da tsarin APA na rubuta madogara yake nema isnadi ne. Malaman hadisi kuma sun bambance ruwaya da lafazi da ruwaya da ma'ana, sun gindaya sharaɗin cewa mai ruwaya da ma'ana sai ya san abin da kalmomin suke nufi. Ga ɗauko magana a cikin alamar zance, ga faɗin ta da kalmominka, kuma duka biyun sai ka ambaci mai ita. Ɗalibaina Kirista su ma nan take suke kamawa, don ba sa kawo aya ba tare da littafi da sura ba. Ki gwada, za ki ga fuskoki sun buɗe.

Shafi huɗun nan kuma ya yi musu yawa a farko. Sakin layi ɗaya nake kawowa, daga maƙala ta gaske a fanninsu, ba daga handawut ba. Mu karanta da ƙarfi sau biyu. Sai in ce: me mutumin nan yake so mu yarda da shi, mece ce hujjarsa, da wa yake ja? Kowa ya kife takarda ya faɗa wa na kusa da shi, da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, duk wanda suka haɗu a kai, sannan ya rubuta jimla uku da Turanci, takarda na kife. Za a samu abokan aiki da za su ce kina lalata ajin Turanci da Hausa. An faɗa mini, har a gaban ɗalibai. Ki bar su. Wanda ya kasa faɗin abu da harshen uwarsa bai gane shi ba tukuna, kuma ba zai iya rubuta shi da na wani ba sai dai ya kwafa.

Ki kuma tausaya wa kanki a kan lokaci. Jim Cummins, masanin koyon harshe, ya nuna a kan yaran baƙin haure a Kanada cewa Turancin hira yana samuwa cikin kamar shekara 2, amma na karatu yana cin shekara 5 zuwa 7, kuma yaran can a cikin Turancin suke kwana suke tashi. Ke an ba ki awa biyu a mako na zango guda. Ni bayan yajin aikin ASUU na 2022 mai wata 8 aka matse mana zangon har ban san yadda na ƙare ba, ga ba albashi, ga yara a gida, ga tulin takardu ina dubawa da fitilar waya. A lokacin ne hawan jini ya kama ni. Kada ki yarda ki kai kanki nan.

Kalmomi ma su ne rabin ciwon. Paul Nation, masanin koyon kalmomi, ya lissafa cewa mai karatu yana bukatar sanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya karanta shi babu taimako, wato kalma ɗaya kacal cikin 50 ce za ta shige masa duhu. Ɗalibanki kuwa a kowane layi suna cin karo da biyu. Ki nemi jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000, gidan kalma 570 ne, wato kowace kalma da rassanta, an kasa su kashi goma, kyauta yake a intanet. Kashin farko mai 60 kawai nake bi, irin su "assume" da "indicate" da "significant", kuma ba na ba su hadda, a cikin sakin layin da muke karantawa muke farautar su. Sai ƙananan kalmomin nan masu juya akalar zance, "however" da "although" da "whereas". Yaro zai tsallake "however" ya ɗora wa marubuci ra'ayin da marubucin yake rushewa. Haka "suggests" da "proves", a wurinsu duk ɗaya ne, sai kin tsaya kin nuna musu bambancin "da alama" da "tabbas".

Maganar waya kuma, tun da ChatGPT, manhajar nan mai yi wa mutum rubutu, ya fito a ƙarshen 2022 na daina ba da aikin gida mai maki da yawa. A aji ake rubutawa, da hannu, minti 15. Kuma kada ki kayar da yaro don kawai wata manhaja ta ce na'ura ce ta rubuta masa. Wani bincike a Jami'ar Stanford a 2023 ya gano irin manhajojin nan suna yawan ɗora wa rubutun waɗanda Turanci ba harshensu na farko ba ne laifin da ba su yi ba. Ki kira shi, ki nuna jimla ɗaya, ki ce ya yi miki bayani. Amma a ofis, ke da shi. Kada ki yi a gaban aji, na san zafin abin.

Jan biro ki rage shi. Takardar da ta koma ja-wur ba wanda yake karantawa, ninke ta ake yi a cusa a jaka. Kuskure biyu nake zaɓa a zango. Na farko "my father he said", wanda "babana ya ce" ne aka ɗauko kai tsaye, kuma da zarar kin nuna musu tushensa a Hausa suke fara kama kansu. Na biyu "a" da "the". Sauran ina kawar da kai. Ba kuma duka 300 nake dubawa kowane mako ba, 40 nake ɗiba, ana zagayawa, ba wanda ya san ranar da nasa zai faɗo. Biyu daga ciki in rubuta a allo babu suna, mu gyara tare.

Ki sayi 'yar lasifikar nan mai caji da ake ratayawa a ƙugu, tun kafin muryarki ta tafi, ni sai da tawa ta dushe na mako uku sannan na saya. Sannan ki faɗa mini daga waɗanne tsangayoyi ɗalibanki suke. In akwai 'yan aikin gona ko 'yan ilimin zamantakewa, ina da sakin layi kusan 20 da na tara nake amfani da su, sai in turo miki.