Mai ɗauko masu rauni ma ɗan mazan jiya ne

Malam, ka tambaya ko kakanka, wanda aikinsa a yaƙin basasa ɗauko masu rauni ne, ya cancanci karramawa kamar sauran 'yan mazan jiya. Wallahi ya cancanta. Harsashi na ruwa, shi kuwa ɗan'uwansa ne goye a bayansa, ba hannun ramawa.

A ƙauyenmu wajen Ringim mun yi tsoho irinsa. Har Allah ya karɓi abinsa, in tayar mota ta fashe sai ya zabura.

Ranar 15 ga Janairu ake tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya, ranar da yaƙin ya ƙare a 1970. Amma kada ka jira ta. Kai wa kakan naka goro, ka zauna a tabarmarsa ka saurare shi, sannan ka bi masa maganar fansho.