Kafin ka sayi tsiro ko ɗaya

Ka ce wani Alhaji ya gama gini a fili mai ƙafa 50 da 100, ya nuna maka hoton wani lambu a waya, ciyawa shar kamar an shimfiɗa darduma, ya ce irinsa yake so, shi ne kake tambayata wane fure za ka fara saye. Tambayar kanta ta nuna mini inda hankalinka yake. Haka kuke ku 'yan yanzu, ku shiga gida ido na kan fenti da tayil, ba mai sunkuyawa ya dubi ƙasa. Da share ka na yi niyyar yi, sai dai ka fama mini wani tsohon miki, don haka zauna ka ji.

Akwai wani gida a bayan garin Kano da na yi wa irin wannan aikin. Filin ciyawar murabba'in mita 120 ne, tsakanin ginin da katanga, da lemo mai aure guda 8 a jere a jikin katangar, da shingen lalle a bakin hanyar mota. An dasa a ƙarshen watan Mayu, daidai lokacin da ya dace. Zuwa tsakiyar Yuli ciyawar, wato kiri-kiri, ta rufe ƙasa ruf, mai gidan har baƙi yake kawowa kallo. Sai Agusta ta kama.

Abin da ba a duba ba guda uku ne. Mai intalok ya shimfiɗa dutsensa ya fi wurin ciyawar tudu da kusan taƙi ɗaya, ya kuma karkata shi zuwa lambun. Rufin gidan ba shi da mazurari, duk ruwan kwano a nan yake sauka. Ƙarƙashin ƙasar da muka zuba kuwa, ƙasa da ƙafa ɗaya, marmara ce, magina kuma sun binne ɓaraguzan bulo da busasshen siminti a kai suka baje yashi. Magini ya rantse mini cewa jigawa ce har ƙasa, na yarda ban saka diga ba. Laifina ke nan a ciki, kuma shi kaɗai ne.

Yi lissafin da kanka. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufin da intalok ɗin sun kai murabba'in mita 200. Ruwan dare ɗaya mai milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, lita 10,000 ke nan ta gangaro cikin wurin da ba shi da rariya, ban da wanda ya zuba a kansa kai tsaye. Ruwa ya kwanta kwana da kwanaki. Ciyawar ta yi ɗorawa, ta koma baƙa, in ka damƙo ta sai ta biyo hannunka da wari irin na kwata. Lemon ya fi ba ni takaici, domin shi ba ya jure jiƙar gindi: ganye ya zube, ƙaro ya riƙa tsattsafowa daga gindin, ɓawo ya saɓule, 6 cikin 8 suka tafi. Sanyi ya hau katanga, fenti ya kumbura. Mai gidan, wanda da bakinsa ya hana a fasa masa intalok don a fitar da magudana lokacin da aka gaya masa, ya ce shuka ce ta ɓata masa gini. Kashi ɗaya cikin uku ya biya tun farko, sauran ya riƙe har yau. Ba takarda, ba shaida. Kuɗin ƙasa, na tsirrai da na leburori duk daga aljihuna suka fita, kuma har gobe in na wuce layin nan sai na kau da kai.

To ga abin da za ka yi a gidan Alhajinka. Ranar farko kada ka je da komai sai tef, igiya, turaku, diga da tiyon lebur, wato tiyon ruwan da ake auna tudu da gangare da shi. Haƙa rami uku ko huɗu a wurare daban-daban, kowanne zurfin santimita 60. Ka ga abin da ya fito da idonka. Cika kowane rami da ruwa, bari ya tsotse, ka sake cikawa. In na biyun ya tsotse cikin 'yan awanni, ƙasar tana da mafita. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance, ko dai laka ce ko marmara, kuma a nan ba dashe sai an gyara. Gyaran shi ne a kwashe ɓaraguzai kaf, a fasa marmarar inda itace zai zauna, a ja rami mai zurfin rabin mita a gefen da ya fi gangare, a kwantar da fayif mai inci 4 da aka huhhuda, a lulluɓe shi da tsakuwa, bakinsa ya fita kwata. Fuskar lambun kuma ta gangara daga jikin gini, santimita 2 a kowace mita. Ruwan rufi a tare shi da mazurari, ya tafi tanki ko waje. Inda ba a yarda a fasa komai ba, ɗaga kwamin ya fi intalok tudu da santimita 30, ko ka tattara kayanka ka yi sallama.

Sai ruwan rani, wanda shi ne zai gaya maka irin lambun da gidan zai iya ɗauka. A watan Maris da Afrilu ciyawa tana shan lita 6 zuwa 8 a kowane murabba'in mita kullum. Murabba'in mita 100 ke nan wajen lita 700 a rana, jarka 28 ta 'yan garuwa, kowace rana ta Allah har ruwa ya sauka. Ka faɗa wa Alhaji wannan adadin a gaban mutane. Kada ka karɓi "za a haƙa burtsatse". Ka ga ruwan yana zuba, ka riƙe bokiti da agogo ka auna, ka tambayi wanda zai riƙa ban ruwan da sunansa. Maigadi yakan ce to, ya yi sati biyu ya gaji.

In ruwan ya wadata kuma Alhaji ya dage sai ciyawa, rage ta zuwa inda ake gani daga falo da ƙofar shigowa. Ƙasar sama mai zurfin santimita 15 take buƙata, wato kubik mita 15 a murabba'in mita 100, kashi uku ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin shanu. Ka bi mai tifa har inda yake ɗibar ƙasar. In akwai aya-aya a wurin, kada ka karɓa ko kyauta ce, domin 'ya'yanta suna cikin ƙasa, za ka shekara kana cira tana fitowa. Baje ƙasar, ka yi ta ban ruwa mako biyu kafin dashe, duk haki da zai fito ya fito ka kashe shi, inda zai lotsa ya lotsa ka cike. Sannan ka dasa kiri-kiri a tazarar santimita 15. Rana yake so. Wanda ya ce maka yana son mangwaro mai inuwa da ciyawa shar a ƙarƙashinsa, gaya masa ya zaɓi ɗaya.

Ni a ganina, lambun da ya dace da gidan Bahaushe shi ne na inuwa da 'ya'yan itace, tsakar gida a buɗe. Kafin ka kafa turke ko ɗaya, a tambayo maka uwargida inda ake shanya, inda ake wanke-wanke, inda ake kafa tukunya ranar suna ko biki. Alhaji ne ke biya, amma ita ce ke wuni a gidan, kuma shukar da ta tare mata hanya ba ta kai wa baɗi. Ka nemo inda sokawe yake da hanyar fayif ɗinsa da ta wayar wuta, ka zana a takarda. Mangwaro da darbejiya, mita 8 daga gini da sokawe, wanda a fili mai 50 da 100 yake nufin guda ɗaya tak, wani lokacin ma babu wurinsa. Ceɗiya, durumi da turare kada su shigo irin wannan gidan sam, saiwarsu tana bin danshi har cikin fayif, tana ɗaga daɓe. Gwaba, lemun tsami da rumman, mita 3 daga bango, mita 4 tsakaninsu. Gwanda da zogale ba su da rigima, ko'ina suka samu rana sun zauna. Itace mai girma ka sa shi ta yamma da ɗakuna, ya tare ranar la'asar, amma kada reshensa ya zama tsani a kan katanga ko ya riƙa zubar wa maƙwabci ganye.

Ramin itace santimita 60 ta kowace fuska, ƙasar sama kashi biyu, taki kashi ɗaya, a cika a jiƙa a bar shi mako biyu. Wurin auren, wato inda aka haɗa reshe da gindi, ya tsaya sama da ƙasa kamar tafin hannu, in ka binne shi ka kashe kuɗinka. Yadda ake yanke leda da kafa sanda ba sai na faɗa ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan rake. Ɗanyen kashin kaji kuwa wuta ne, yana ƙone saiwa cikin kwanaki. Takin da bai ruɓe ba da busasshen kara kuma gayyatar gara ne. Takin kirki baƙi ne, ba wari, ba zafi in ka cusa hannu.

Na kayan miya ba shi da wuya: kwami mai faɗin mita 1 da kaɗan yadda hannu zai kai tsakiya ta kowane gefe, hanya rabin mita, rana ta awa 6 aƙalla, nesa da sokawe. Alayyafo, rama, yakuwa da kuɓewa da damina, tumatir, latas da albasa da hunturu. In akwai kaji ko akuya a gidan, waya kafin iri.

Gidan da ruwansa na saye ne, yi masa na tsakuwa. Ƙasa mai yashi, alobera, kariya, dabino ɗaya ko biyu in da fili, lalle a jikin katanga a tazarar santimita 40, sauran a rufe da tsakuwa mai kaurin santimita 5. Ban ruwa sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe shi in ya kafu. Amma ruwan kariya guba ne, ba a sa ta inda yara ke wasa, kuma tsakuwa tana ɗaukar zafi da bazara ta mayar wa ɗaki, don haka kada ka shimfiɗa ta a gindin taga ta yamma.

Maganar kuɗi a rubuce, da shaidu biyu. Rabi kafin a fara, domin kayan ba da kuɗinka za ka saya ba, kashi na biyu ranar da aka gama dashe, ɗan abin da ya rage bayan wata ɗaya. A rubuta wanda ban ruwa yake wuyansa, a rubuta duk gyaran da ka ce a yi aka ƙi. Wayar nan da kuke wuni kuna latsawa, ga ranarta: ɗauki hoton kowane rami da abin da ya fito daga ciki, da mai gidan tsaye a gefe.

Gobe bayan asuba ka zo ka ɗauki diga da tiyon lebur a shago. Ka haƙa ramukan, ka cika su, jibi ka dawo ka gaya mini awa nawa ruwan ya yi kafin ya tsotse da abin da burtsatsen yake bayarwa a minti ɗaya. Sannan mu yi maganar fure.