Tambaya da Amsa: Kwamfuta Uku, Sunayen Abokan Ciniki Sun Ƙi Daidaita

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da iri da taki da maganin feshi a Sabon Gari, ina da reshe a Samaru, akwai kuma kwamfuta ta uku a gida. Sunayen manoman da muke hulɗa da su, da lambobin wayarsu, da bashin da ake bin kowannensu, duk suna cikin fayil ɗaya na Microsoft Access, wanda yarona yake ɗauka a filash yana kai wa kowace kwamfuta. Yanzu lambar da aka gyara a Sabon Gari ba na ganin ta a Samaru, wasu sunayen kuma sun fito sau biyu. Ina mafita? Daga mai karatu, Sabon Gari, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ke hannunka yanzu littattafan bashi uku ne, kowanne ana rubutu a cikinsa daban. Idan aka ɗora fayil daga filash a kan wanda ke cikin kwamfuta, sabon yana shafe tsohon ne gaba ɗaya, ba ya haɗa abin da ke cikinsu, saboda haka duk manomin da aka shigar a Samaru da safe yana iya ɓacewa da yamma idan yaron ya iso da kwafin Sabon Gari.

Ka dakatar da wannan kai-kawo tun yau. A adana kwafin kowane fayil cikin ukun, a sa masa sunan wurin da ya fito da kwanan wata, sannan a zauna a haɗa su wuri guda. Wajen tace waɗanda suka maimaitu, a bi lambar waya, domin manoma biyu suna iya haɗa suna ɗaya, wannan a Giwa wancan a Soba, kuma share ɗayansu bisa kuskure share bashi ne. Fayil ɗin da ya fito daga wannan aiki shi ne uwa, shi kaɗai za a riƙa gyarawa. Kafin a kwafe shi a rufe Access tukuna, domin muddin ana ganin wani ƙaramin fayil mai ƙarshen suna laccdb a gefensa, alama ce cewa rumbun bayanan, wato fayil ɗin Access, yana buɗe, kwafin da aka ɗauka a wannan hali kuwa yana iya zuwa a lalace.

Da a ce kwamfutocin a gini ɗaya suke, da sai in ce a raba rumbun biyu, a ajiye bayanan a kwamfuta guda, sauran su riƙa isa gare su ta wayar da ke haɗa kwamfutocin. Tsakanin Samaru da Sabon Gari wannan ba zai yiwu cikin sauƙi ba. Ina kuma roƙonka kada ka karɓi shawarar jefa fayil ɗin Access cikin ma'ajiyar intanet irin Dropbox ko OneDrive don kowa ya riƙa buɗewa, domin idan mutum biyu suka yi gyara a lokaci guda, kwafi biyu masu saɓani za su bayyana, ka koma gidan jiya.

Shawarata ita ce ka raba kayan. Sunaye da lambobi su koma Google Contacts, wato littafin lambobi na Google da ke intanet, wanda ke ɗaukar har suna 25,000, kuma duk gyaran da aka yi yana bayyana a kowace kwamfuta da wayarka da zarar akwai intanet. Lissafin bashi ya zauna a Sabon Gari, Samaru ta riƙa turo na kowace rana, mutum ɗaya yana shigarwa.

Wurin da aka fi yin asara shi ne fitar da sunayen daga Access zuwa fayil na CSV, wato fayil na zallar rubutu da ake kwashe su da shi zuwa Google Contacts. Idan aka buɗe shi a Excel kai tsaye, sifilin farko yana faɗuwa, lambar da ta fara da 0803 ta koma 803, wadda aka rubuta da +234 kuma takan rikiɗe zuwa wani gajeren lissafi mai harafin E a tsakiya. A nuna wa Excel cewa layin lambobin rubutu ne tun wajen shigo da fayil ɗin. Haka nan a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 wajen adanawa, in ba haka ba baƙaƙenmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, za su koma alamar tambaya, abin da ke ɓata mini rai duk lokacin da na gan shi a sunan mutum. A gwada da suna goma kafin a kwashe duka.

Waɗannan lambobi amana ce ta mutane, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su. Ka sa wa fayil ɗin kalmar sirri, ka ware masa filash nasa wanda ba ya zuwa shagon buga takardu, sannan duk ranar Alhamis bayan an tashi kasuwa a ɗauki kwafin uwar a kai gida.