Ka zuba jari a manhajar lissafi, amma ka taɓa zama ka kalli yaro yana amfani da ita?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan makaranta. Bara na ɗauki kashi biyu cikin uku na ribar da na tara na ba ɗan yayana, wanda ya iya haɗa manhaja, ya gina mini wasan koyon lissafi a waya don yara 'yan shekara 4 zuwa 7. Ya yi matakai 200, da kiɗa da taurari. Mutum kusan 2,000 sun sauke, 20 suka biya kuɗin wata, 10 kacal suka sabunta. Yanzu ya ce in ƙaro kuɗin talla, wai idan muka kai mutum miliyan ɗaya mun yi arziki. In ƙara?

Amsa: Malam, kada ka ƙara komai tukuna, kuma ka cire zancen miliyan daga ranka. Alƙalumanka sun riga sun ba ka amsa: cikin mutum 200 da suka sauke, ɗaya ne ya tsaya. Ke nan sai ka biya tallan da zai kawo mutum 200 kafin ka sami mai biya guda da zai ci gaba da biya, kuma daga abin da ya biya Google ko Apple, masu rumbunan da ake sauke manhaja, za su cire kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Ga Khan Academy Kids, manhajar koyarwa ta yara ƙanana, tana nan kyauta tun 2018. Talla a wannan hali zuba ruwa ne a kwando.

Kuskurenka ɗaya ne, kuma duk wasiƙarka ta nuna shi. Ka ƙirga matakai, ka ƙirga taurari, amma ba ka faɗa mini abin da yaro ko ɗaya ya yi da manhajar ba. Kai da ba ka rufe shago sai ka rubuta cinikin yini, ka saki jari mai yawa haka ba tare da littafin da ke nuna inda yara ke tsayawa ba. Ɗan yayanka ya iya haɗa manhaja, wannan gaskiya ne. Sanin yadda ɗan shekara biyar ke fahimtar lamba kuwa wani fanni ne dabam, kai kuma ka bar masa hukuncin duka biyun saboda naka ne.

Ba kai ka fara faɗawa wannan rami ba. Gwamnatin ƙasar Peru ta sayi kwamfutocin yara sama da 800,000 a shirin One Laptop per Child. Da aka yi bincike aka fitar da sakamako a 2012, an ga yara sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da karatu bai ɗaga ba. An raba kaya, ba a bi diddigin ko suna koyarwa ba sai daga baya.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Nemo yara biyar ko shida da izinin iyayensu, ɗaya bayan ɗaya, kowa minti 10 zuwa 15. Miƙa wa yaro wayar, ka koma gefe da biro da takarda, ka yi shiru. Ɗan yayanka ya zauna ya gani, amma kada ya ce uffan, domin da zarar ya ce "danna nan" gwajin ya lalace. Gani ya kori ji. Ina kyautata zaton za ka ga an rubuta umarni a fuskar waya alhali yaron bai iya karatu ba, sai ya ɗago kai yana kallonka. Za ka ga yana jan hoto da yatsa, yatsan ya ɗaga a rabin hanya, hoton ya koma inda ya fito, ya sake, ya sake, ya ture wayar. Maganin waɗannan mai sauƙi ne: umarni ya zama da murya, jumla ɗaya gajeriya da za a iya maimaitawa, maɓalli ya kai faɗin santimita biyu, kuma ga ƙananan cikinsu taɓawa ta fi ja.

Abin da ya fi damuna shi ne na uku. An nuna ƙwallaye bakwai, an jera amsa uku a ƙasa: 6, 7, 8. Yaron bai kalli ƙwallayen ba. Ya danna 6, aka yi ƙara, ya danna 7, tauraro ya fito da kiɗa. A irin wannan tsari, taɓawa uku ce mafi yawa kafin ya ci, don haka abin da ya koya shi ne canki-canki. Zai iya ƙare matakai hamsin a haka, uwarsa ta ajiye masa abu bakwai a gabansa ya kasa faɗin nawa ne. Ranar da ta gane haka, ranar ta daina biya. Ina zargin nan rabin kwastomominka suka tafi.

Gyaran yana cikin yadda ake gina tambayar. Tun 1978 masana Gelman da Gallistel suka fayyace abin da ƙirga ya ƙunsa: kowane abu a ba shi lamba ɗaya, lambobin su zo a jere ba tsallake, lambar ƙarshe kuma ita ce adadin duka. Yara da yawa suna rera ɗaya zuwa goma tsaf amma ba su kama na ƙarshen ba. Saboda haka ka sa yaro ya taɓa ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, kowace ta canza launi, murya ta faɗi lambarta, sannan a tambaye shi nawa ne duka. Ko a ce masa ya saka biyar a akwati daga cikin tara. Wannan ba a cin sa da sa'a. In ya yi kuskure, manhajar ta sake ƙirgawa tare da shi, ta kawo masa wata tambayar mai kama da ita. A fara da abubuwan da zai motsa, a koma hotuna, alamar 3 + 2 ta zo a ƙarshe. Kuma a saka layin lambobi: Ramani da Siegler sun nuna a 2008 cewa wasan da yaro ke tafiya a kan gidaje 1 zuwa 10 a miƙe, zama huɗu na kusan minti 15, ya inganta fahimtar girman lamba ga yaran da ba su shiga firamare ba a Amurka. Matakai 20 da aka gina haka sun fi 200 ɗinka daraja.

Sai littafin da na ce ba ka da shi. Ɗan yayanka ya sa manhajar ta riƙa rubuta abu huɗu: yara nawa suka dawo kashegari, nawa suka dawo bayan kwana bakwai, a wane mataki suka fi fita, kuma wace amsar kuskure ake ta maimaitawa. Idan yara da yawa suna cewa 6 inda amsar 7 ce, to ana tsallake abu ɗaya wajen ƙirga, kuma ka san abin da za ka gyara. Ba ka buƙatar sunan yaro ko hotonsa don wannan, kada ma ka karɓa. Dokoki irin su COPPA ta Amurka suna da tsauri kan bayanan 'yan ƙasa da shekara 13, kuma rumbunan manhaja kan cire wadda ta saɓa. Tunda ana maganar rubutu, duba da sunan wa aka buɗe asusun da manhajar ke ciki, ku kuma rubuta wa ya mallaki me, ku sa hannu. Wannan shi ke kare zumunci.

Kana da abin da yawancin masu haɗa manhaja ba su da shi: ka san malaman makaranta, kullum kana ciniki da su. Roƙi malama ɗaya mai koyar da ƙananan aji ta duba jerin matakan, ka biya ta haƙƙinta. Sannan ku ɗauki aji guda, a yi wa yaran tambaya goma da baki kafin su fara, su yi wasan minti 15 sau uku a mako, bayan mako shida a maimaita tambayoyin. Idan makin ya tashi kuma masu dawowa bayan kwana bakwai sun ƙaru, ka ɗauki takardar sakamakon ka kai wa masu makarantu, ka sayar musu aji-aji, lokacin ne kuɗin talla zai yi amfani. Idan bai tashi ba bayan gyara sau biyu, ka dakatar da aikin, ka mayar da sauran kashi ɗayan cikin shagonka.